Sunan 'Yar Fari

Setapak, Kuala Lumpur
Afrilu, 2020

Zuwa ga Malam Abdulgani, Baban Hannatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da ƙafar tata, da su Yaya da duk mutanen gida. Mu nan lafiya ƙalau, sai kewa. Hannatu ta yi mura kwanakin baya, hankalina ya tashi har na kasa cin abinci, amma ashe ta fanka ce, ta wuce.

Na koma ga takarda da biro tunda kiran waya ya ƙi mu. Ka ce a ƙauye babu sabis sai ranar kasuwa in ka shiga Malumfashi, kuma ko ka kira rabin maganar ba ta isowa. To zan riƙa rubutawa ina ɗaukar hoto ina turo maka, ranar da ya shiga ka karanta. Ka yi haƙuri da hannuna. Ka san da Hannatu a goye na koyi rubutu a ajin matan Samaru, har yau layina sama yake hawa kamar mai neman tudu.

Ka tafi a kan 'yan makonni za ka yi, ka ɗebo ƙasar gonakin da za ka auna a bincikenka ka dawo. Ga shi an rufe ko'ina, kai can mu nan. Kullen ya yi tsanani. Mutum ɗaya ake bari ya fita cefane daga kowane gida, wai maigida. To ni ce maigidan yanzu. Ina sa takunkumi in sauka kedai, wato kantin unguwa, in na hango 'yan sanda sun tare titin Genting Klang sai in sunkuyar da kai in ƙara sauri, alhali ban ɗauki kayan kowa ba. Mamak ɗin ƙasa, mai gidan abincin nan, ya kife kujerunsa, sai tapau, wato a ƙunshe maka ka tafi da shi gida. Ladan yana kiran salla ya ƙare da cewa kowa ya yi a gidansa. Ranar da na fara ji sai da na zauna a ƙasa.

Maƙwabciyarmu Roseline, Maman Seth, Allah ya saka mata. In ta fita sai ta rataye mana leda a ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta gudu, ta tsaya can bakin lif tana ɗaga murya: "Mutanen Katsina, kuna da rai?" Ni kuma in ce, "Muna nan, 'yan Kafanchan." Daddawarmu ta ƙare. Bayam nake yi mana a madadin alayyahu, ba laifi.

Sai wata 'yar magana. Yarinyar nan, yayar Hannatu, makarantarsu ta koma cikin kwamfuta. Wai an tsamo ta ita da wasu za a haɗa su da wata kwaleji, su fara karatun 'yan jami'a tun suna sakandare. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Ka san ta da rawar kai. Wuni take a gaban kwamfuta, ko tukunya ba ta iya dubawa, ni ban ga abin da suka gani a jikinta ba. Na dai faɗa maka don kada ka ji a bakin wani.

Muna jin labarin mace-macen Kano, ina kwana ina tashi da shi. Don Allah kada ka shiga cunkoso, ko gaisuwar mutuwa ka yi daga nesa. Ka gaishe da Inna, ka ce ina neman addu'a.

Taka,
Ɗelu

*

Malumfashi
Mayu, 2020

Ɗelu,

Wa alaikumus salam. Barkanku da salla. Wasiƙarki ta same ni lafiya, na karanta ta a tsaye a rumfar mai cajin waya, na kuma sake karantawa a kan babur har na kusa faɗuwa. Hannunki ya fi na wasu ɗalibaina, ki daina ba da haƙuri. Ƙafar Inna da sauƙi, tana taka ta zuwa bakin rijiya. Kowa yana gaishe ku.

Ni ne dai ba ni da sauƙi. An nuna mini hoton wasu gidajen bene a nan garin naku an zagaye su da waya mai ƙaya, ba shiga ba fita, kuma an ce baƙi ne suka fi yawa a ciki. Tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba. Mace ɗaya da yara biyu a hawa na tara, a ƙasar da ba ki da ɗan'uwa ko ɗaya. In ciwo ya kama ki, wa zai riƙe su?

Ga abin da na yanke. Ana shirya jirgin da zai kwaso 'yan ƙasarmu da suka maƙale. Na yi magana da Malam Abdulwahidu na Wangsa Maju, shi ke haɗa sunayen iyalan ɗalibai, na ce ya sa ku ku uku. Ki fara haɗa kaya. Littattafaina ki bar su wajen Maman Seth. In duniya ta lafa ni kaɗai zan koma in ƙarasa abin da ya rage.

Maganar Bashira kuwa, tunda ke da kike tare da ita kin ce ba wani abu ba ne, a bar shi. Makarantu sun saba fito da irin waɗannan tsare-tsare don kada ɗalibai su gudu musu. Karatu akwai shi a gida, in ta dawo sai in nema mata wuri a Zariya. Ki gaya mata ta rage zaman kwamfuta ta taimaka miki da aiki, ta girma.

Inna ta ce a gaya miki ta sa an gyara ɗakin gabas, har an yi masa daɓe.

Mijinki,
Abdulgani

*

Setapak
Yuni, 2020

Baban Hannatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Inna, na gode Allah da sauƙin ƙafa. Mu lafiya. An sassauta kulle, ana fita, sai dai a nuna waya a ƙofar kowane kanti a auna zafin goshi.

Malam, na karanta wasiƙarka na rasa inda zan sa kaina. Tun da muke da kai, ka taɓa jin na yabi yarinyar nan? Ka taɓa jin sunanta a bakina? Ita na fara haifa. Kai ne ka zubar da taka kunyar a jami'a kake kiran ta gatsau kamar sa'arka. Ni a gidanmu ba a yi. Ko a ajin Samaru da malama ta ce kowa ta rubuta sunayen 'ya'yanta, Hannatu na rubuta, na bar layin sama babu komai. Da na ce maka ba wani abu ba ne, ai cewa na yi babban abu ne. Na ɗauka ka san yadda ake jin maganar uwa a kan 'yar fari. Da abin banza ne zan ɓata takarda a kansa?

Bari in faɗa maka yadda abin yake. Kwas biyu za ta ɗauka na 'yan shekarar farko a jami'a, lissafi da ilimin kwamfuta, tana yi tana karatunta na sakandare. In ta ci, a rubuta mata makin a ajiye. Ranar da ta shiga jami'a ba za ta maimaita su ba. Maman Seth ta yi ta yi mini bayani ban gane ba, sai can na ce, "Wato kamar yadda Gwaggo mahaifiyata ta tara mini kayan ɗaki, kwano yau, tasa baɗi, tun ban san wa zan aura ba?" Ta tafa hannu ta ce, "Shi ke nan, kin ci jarrabawa." Sharaɗinsu shi ne tana cikin makarantarsu ta nan, kuma jarrabawar ƙarshe a zauren kwalejin za a yi ta. In muka hau jirgin nan, wa zai buɗe mana mu dawo? Kai da ka fita, ka dawo ne?

Kuma ba kai kaɗai ka ji ni a baibai ba. Na riga na yi ɓarna da bakina.

Saboda ba ta kai shekarun shiga jami'a ba, sai sun gana da uwa ko uba kafin su ɗauke ta. Aka haɗa mu ta kwamfuta da wata Puan Norliza, wato Malama Norliza, mai kula da shirin, mace mai gilashi da fara'a. Na sa mayafina na salla. Maman Seth ta shigo ta zauna gefena za ta yi tafinta. Yarinyar tana ɗaya gefen.

Puan ta ce in faɗi sunan ɗalibar da yadda muke da ita.

Na ce, "Ga ta nan zaune."

Maman Seth ta ce, "Suna ake tambaya, madam."

Na ce, "Ai yana rubuce a gabansu."

Yarinyar ta faɗi sunanta da kanta. Aka wuce. Sai Puan ta ce, a matsayina na uwa, yaya nake ganin ƙoƙarinta, za ta iya ɗaukar karatu biyu a lokaci guda?

Malam, me kake so in ce a gaban baƙuwa, yarinyar kuma tana ji? Na ce, "To, tana dai taɓawa. Barci ne da ita, ga mantuwa, ban sani ba ko za ta iya."

Maman Seth ta mintsine ni a cinya har yau wurin da tabo. Ta ce, "Haba! In juya wannan? Allah ya kiyaye, ba da bakina ba. Cannot lah!"

Puan ta ga muna ƙus-ƙus, sai ta ce ɗalibar ta fassara da kanta. Ta kuwa fassara. Ba na jin Turanci sosai, amma na san kalmar barci, na ji ta ta fito. Ba ta rage komai ba, ba ta ƙara ba, idonta a kan tebur.

Puan ta cire gilashi ta goge. Ta ce makin yarinyar ya isa har ya yi saura, amma kayan da nauyi, ga annoba, ga uba ba ya nan. Ba sa ɗaukar yaro ƙarami sai sun tabbata gida na bayansa, kuma ita ba ta ji haka ba. Ta ce mu je mu yi shawara, za ta sake ba mu zama ɗaya a wata mai zuwa, daga shi ta rufe.

Da aka kashe kwamfuta, Maman Seth ta hau ni. "Wannan kunyar taku, nan wa ya san ta? Ni in Seth ya ci ko gwajin shifta ne, har mai gadi sai ya ji. Ke an ba ki zinariya kina cewa gwangwani ne!" Ta kira ni da sunan nan na Maman wance, na 'yar farin, da ka san ba na amsawa, ta fita tana mita.

Wannan duk bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Ka san yarinyar nan, in na yi mata Hausa da Turanci take mayar mini, ko ta ce boleh, wato "za a iya" da Malayanci, ta wuce. Ranar da Hausa ta yi magana, tsaf. Ta ce, "Umma, ke kin ma san sunana kuwa?" Ta shiga ɗaki ta rufe.

Tun tana aji uku muka kawo ta ƙasar nan. Ba ta ga yadda Inna take yi da kai ɗan farinta ba, ba ta ga Gwaggo da nata ɗan farin Yaya Sale ba. Iyayen ƙawayenta take gani suna rungume su a ƙofar makaranta. Ashe duk shekarun nan ita ƙi take gani.

Ni sai da na haihu biyu na riƙe biro. Ita za ta shiga ajin jami'a tun ba ta gama sakandare ba. Na makara, ita za ta yi sammako, kuma ba bakina ne zai tare mata hanya ba. Don Allah ka kira Malam Abdulwahidu ya cire sunanmu. Ina jiran amsarka ranar kasuwa.

Taka,
Ɗelu

*

Setapak
Yuli, 2020

Baban Hannatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa ka shiru. Kasuwa ta ci ta sake ci, waccan wasiƙar ko alamar an buɗe ta babu. Na kira lambar Yaya, a kashe. Duk abin da zuciya ke rayawa na raya shi. In fushi kake yi, ka yi fushin amma ka turo ko kalma ɗaya in san kana numfashi. Mu lafiyarmu lau.

An sa ranar jirgi, Asabar mai zuwa. Zamanmu da Puan kuma sai Laraba ta bayanta. Ka ga ba a haɗa su.

Malam Abdulwahidu ya zo da kansa, ya tsaya a baranda nesa da ƙofa da takunkuminsa, muka gaisa. Ya ce mu shirya gwajin cutar da ake yi kafin tafiya. Na ce masa ba za mu tafi ba.

Ya ce, "Hajiya, Malam ne ya ce in sa ku. Ban ji daga bakinsa cewa in cire ba."

Na ce, "Ka ji daga nawa."

Ya ce, "Akwai masu kuka suna neman kujerun nan. In na bayar, ba a dawo da su. Kuma ba wanda ya san ko za a sake yin wani jirgin."

Na ce, "A ba masu kukan, Allah ya kai su lafiya."

Ya daɗe yana kallon takalminsa. Ya ce, "In Malam ya tambaye ni fa?"

Na ce, "Ka ce matarsa ta yi maka taurin kai. Ba ƙarya ka yi ba."

Da ya tafi na rufe ƙofa. Kada ka ɗauka ba na tsoro. Akwatin nan na haɗa shi na kwance, na sake haɗawa na kwance. In na ji jiniyar motar asibiti a ƙasa sai na taɓa goshin yaran. Ina son ganin Inna, ina son ɗakin gabas, ina son in ji ana daka a maƙwabta. Tun da aka kawo ni gidanku ban taɓa tsallake maganarka ba. Wannan karon na tsallake, kuma da sanina. In laifi ne, nawa ne ni kaɗai, ka ajiye mini shi sai mun haɗu.

Yarinyar ta ji duk abin da muka yi da shi ta bayan labule. Har yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Amma na ga ta fito da littattafan da ta tura ƙarƙashin gado.

Saura babban aikin, kiran sunanta da bakina. Ina gwadawa in na shiga kicin. In tsaya gaban tukunyar shinkafa in buɗe baki, harafin farko ya fito, sauran ya maƙale a wuya kamar ƙayar kifi. Maman Seth ta ce in faɗa da Malayanci, wai kunyar Katsina ba ta jin Malayanci. Na yi dariya, amma ban ga alamar zai yi ba. Ko yaya dai, ranar Laraba zan zauna gaban matar nan.

Ka yi mana addu'a, ko kana fushi.

Taka,
Ɗelu

*

Malumfashi
Yuli, 2020

Ɗelu,

Wa alaikumus salam. Ina da rai. Ruwa ya cinye gadar hanyarmu, babur ba ya wucewa, sannan zazzaɓin sauro ya kwantar da ni. Na sauro ne, an gwada, kada ki fara. Yau Litinin na samu na shigo gari, wasiƙunki biyu suka faɗo tare da saƙon Malam Abdulwahidu cewa jirgi ya tashi babu ku.

Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Na zauna a bencin mai caji na rubuta miki wata wasiƙa da ba za ki so ki gani ba, na yage ta. Sannan na koma na buɗe ta farkon, ta watan Afrilu. Na karanta ta ne kamar rahoton ɗalibi, abin da aka rubuta shi na ɗauka. Ni da har yau uwata "wancan na bokon" take ce mini. Tsoro ne ya rufe mini ido, ina neman dalilin da zan dawo da ku, sai na samu a layinki na riƙe.

Har yanzu ban ce hankalina ya kwanta ba. In wani abu ya same ku can, ban san yadda zan yi ba. Amma an riga an yi, kuma Bashira ta cancanci a tsaya mata.

Na yi ta kiran Yaya, ɗan baffana, har Allah ya sa sabis ya kama, ya kai wa Inna waya na gaya mata. Ta ce zaman ba ta hana ba, amma a gaya miki kada ki tsaya gaban baƙi kina kiran sunan 'yar fari kina yabonta kamar maroƙiya. Ta ce ke 'yar mutunci ce, kada zaman waje ya canza ki, a nemi wani ya yi maganar.

To ga mafita. Lokacin zaman naku nan dare ne, kuma ban amince da sabis ba. Saboda haka na ɗauki muryata da Turanci, na faɗi sunanta, na faɗi makinta tun daga firamare, na ce ni ubanta ina bayanta. Na turo miki yanzu. In Puan ta yi tambaya, ki danna kawai ki ajiye wayar gaban kwamfuta. Kin huta, Inna ta huta, Bashira ta samu abinta.

Ki sanar da ni yadda aka yi. Zan kwana gari wajen abokina har sai na ji.

Mijinki,
Abdulgani

*

Setapak
Yuli, 2020

Baban Hannatu,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da na ji kana lafiya. Ka ce kada in fara, to na riga na fara. Ka shanye maganin duka, ka nemi gidan sauro, kada ka ce ka ji sauƙi ka koma gona. Ina gaida Inna. Mu lafiya ƙalau.

Muryarka ta iso, na saurara har Hannatu ta haddace. Ka iya magana, Malam. Na gode.

Ranar Laraba muka zauna kamar wancan karon, Maman Seth a dama, yarinyar a hagu, wayar a cinyata, yatsana a kan wurin dannawa. Maman Seth ta raɗa mini, "Yau in kika ce barci, da muciya zan bi ki." Puan Norliza ta fito, muka gaisa, ta tambayi lafiyarka. Sannan ta ce, to, gida ya yi shawara?

Na ɗaga wayar. Sai na dubi yarinyar. Ta sunkuyar da kai, ta haɗa hannuwa a cinya, irin zaman wanda ya riga ya san abin da zai ji. Na ce a raina, in na danna, Puan za ta yarda, za a ɗauke ta. Amma ai yarinyar ba ta taɓa shakkar ubanta ba. Tambayar da ta yi, ni ta yi wa.

Na kife wayar a kan tebur.

Maman Seth ta gyara murya za ta fara tafinta, na ce, "Bari. Ita ta juya na wancan karon, ita za ta juya na yau."

Na faɗi sunan. Da Hausa, da ƙarfi, har na ji shi ya daki bango. Kunnuwana suka yi zafi kamar na tsaya bakin murhu. Na ce 'yata ce, ita na fara haifa. Na ce a garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba don ƙi ba, don ya yi mata girma a baki ne. Na ce abin da na faɗa wancan karon murfi ne, yau zan buɗe tukunyar.

Na ce tun da ubanta ya tafi ita ke karanta mini duk saƙon da ya shigo gidan nan. Na ce in sabis ya yi rauni, baranda take fita ta ɗora kwamfuta a kan bokiti ta ƙarasa darasi a tsaye. Na ce 'yan ajinsu ita suke kira ta warware musu lissafi, ina jin su daga kicin. In lissafi ya ƙi ta ba ta cin abinci sai ta kayar da shi, ni nake ɗumama tuwon in sake ɗumamawa, na sani. Barcin da na ce tana yi, a kan littafi take yin sa. Na ce daga yau tukunya da tsintsiya nawa ne, ƙanwarta kuma ni zan riƙe mata baki in ana darasi. Na ce jirgi ya tashi ranar Asabar da kujerunmu a ciki, na bar shi ya tafi saboda zaman nan.

Tana juyawa tana juyawa, da aka zo kan tuwon sai muryar ta tsaya. Maman Seth ta karɓa ta ƙarasa, ita ma tana jan hanci tana cewa fanka ce.

Puan ta tambaye ni, wannan karon da Malayanci, kai tsaye, ko yarinyar za ta iya. Wannan ba na bukatar tafinta. Na ce, "Boleh."

An ɗauke ta, Malam. Za su fara wata mai kamawa. Kwano biyu na farko ke nan.

Da aka kashe kwamfuta Maman Seth ta fita baranda tana guɗa, har Bacanishen da ke ƙasanmu ya leƙo. Ni kuma na gudu kicin na kama wanke tukunyar da take a wanke. Sai ga yarinyar ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Umma."

Na ce, "Mene ne?"

Ta ce, "Ki sake faɗa."

Na ce, "Ke tafi can, ba waƙa ba ce. Ba ki da karatu ne?"

Ta yi dariya, ta zo ta ɗora goshinta a bayana. Ban juyo ba, amma ban ce ta matsa ba.

Ka gaya wa Inna na ji saƙonta kuma na saɓa, ta yafe mini. Ka ce mata ban zama maroƙiya ba, sau ɗaya na yi, kuma a inda ya kamata. In Allah ya dawo da mu zan durƙusa in ba ta haƙuri da bakina. Ta bar mana ɗakin gabas, daɓe ba ya lalacewa.

Tsoron yana nan, ban ce ya tafi ba. Ina wanke hannu har fata ta yi fari. Amma za mu zauna har ta shiga zauren nan ta rubuta jarrabawarta, ko kai ka dawo ka same mu, ko mu mu zo mu same ka da makinta a hannu.

Layin nan da na bari babu komai a ajin Samaru, ka duba ƙasa. Na yi shi a hankali, bai hau tudu ba.

Taka,
Ɗelu, Maman Bashira